Daga Danbare zuwa Kwari: gada nawa za a yi kafin a tuna da mu?

Shekara huɗu kenan da na tattara iyalina muka bar cikin gari. Mai gidan da nake haya ne ya ce zai rushe ya yi shaguna, kuma duk inda na leƙa a cikin badala ko kusa da ita kuɗin da ake kira ya fi ƙarfina. Haka na lallaɓa na sayi rabin fuloti a bayan Danbare, can wajen sabuwar jami'ar Bayero, na yi ciki biyu da falo muka tare ko fulasta ba a yi ba. Lokacin murna kawai nake na rabu da haya, sam lissafin hanya bai zo min a rai ba.

A Kantin Kwari nake neman abinci. Kullum sai na yi tafiyar ƙafa mai ɗan nisa kafin na fito titin Gwarzo saboda 'yan sahu basa son shiga lungunmu, in damina ce ma ko shata ka ce zaka yi sai su girgiza kai. Daga nan Rijiyar Zaki, Kabuga, Tal'udu, a sauke wannan a ɗauki wancan, wani lokacin sai na canza sahu biyu kafin na isa kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta tsallake 1000, wallahi in na haɗa kuɗin motata da na yara biyu masu zuwa makaranta a wata, sai na ga hayar da na gudo mata ce ta biyo ni, yanzu dai ɗan sahu nake miƙa wa ita kullum da safe da yamma.

Kuma shi ma ɗan sahun ba shi ke cin kuɗin ba. Rannan muna tsaye a goslo nake wa wani ƙorafi, ya ce min "Alhaji ka yi haƙuri, kafin na kai ko sisi gida sai na cire balas na mai mashin, na cire na mai, ga haraji." Na kasa ce masa komai.

To abin da yake damuna shi ne, duk lokacin da aka tashi maganar cunkoso a Kano amsar ɗaya ce, a yi gada. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Abba ya zo ya kama ta Tal'udu da ta Ɗan Agundi. Ni ba na cikin masu cewa ba su da amfani, duk wanda ya san yadda Dangi take a da zai faɗi gaskiya, kuma garin ya yi kyau. Amma gada mai wucewa take taimaka wa, mai motar kansa da zai taka ya haye. Ɗan sahu a ƙasa yake tsayawa don a nan fasinja yake, mai talla a nan yake, tsohuwar da take son tsallaka titi ita ma a nan take, sai ka ga sama fayau ƙasa kuwa a cushe, in ma ka haye zaka tarar cunkoson ya matsa gaba ne yana jiranka a kwana ta gaba. Mu da muke cika garin nan yawancinmu ba mu da mota.

Ku tuna yadda ma muka samu kanmu a hannun adaidaita sahu. A zamanin Malam Shekarau aka kawo shi, musamman don mata su daina hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai duk garin ya koma kansa, bas ɗin hayis da tasi da muka taso muka gani suka yi ta ɓacewa. Yanzu gari mai miliyoyin mutane ya rataya a kan abin hawan da mutum uku zuwa huɗu yake ɗauka. Da 'yan sahu suka tafi yajin aiki a Janairun 2022 kowa ya gani, ɗalibai da ma'aikata da mata da goyo suna ta sayyada a ƙafa, wasu a bayan a-kori-kura. A ƙarshen shekarar gwamnati ta ce ta hana su bin wasu manyan tituna, har da namu na Gwarzo, wai an kawo bas, ba a je ko'ina ba aka janye saboda bas ɗin ba zasu iya ɗauke jama'ar ba. Jirgin ƙasa na cikin gari kuwa tun zamanin Ganduje muke jin labarinsa.

Ni abin da nake roƙo bai kai jirgi ba. Legas tun 2008 ta ware wa manyan bas layinsu su kaɗai a kan titi, mota ba ta shiga, kuma ana ganin amfaninsa. Titin Gwarzo, titin Zariya, titin Katsina, titin Haɗeja da na Maiduguri, ai su ne jijiyoyin Kano kuma duk suna da faɗi. A ware layi ɗaya, a zuba bas masu yawa da suke tashi a kan lokaci, a yi musu wurin tsayawa mai rumfa, su kuma 'yan sahu su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni suna kawowa bakin titi. Ba sai an raba kowa da abincinsa ba. Na san wahalar tana wajen riƙo, mun sha ganin an sayo motoci an yi biki da su bayan shekara biyu ka gansu a jibge babu taya, shi ya sa dole tun farko a san wa zai gyara kuma daga ina kuɗin gyaran zai fito.

Amma ko bas ɗin ma ba zai shiga inda babu hanya ba, a nan ne maganar awon igiya ta shigo, kuma a nan na fi jin ciwo don a ciki nake kwana. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira dillali, a ja igiya a yanka, kowane taku kuɗi ne don haka ba wanda zai bar filin makaranta ko na asibiti ko maƙabarta, lungun ma da ƙyar motar yashi take shiga, lambatu kuwa sai dai kowa ya haƙa ɗan rami a ƙofar gidansa. Mu masu saye mun san haka, to ina zamu je? Fulotin gwamnati ba ya isowa hannun irinmu sai ya bi ta hannu uku. An gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, tsari mai kyau tituna a shimfiɗe, amma gidaje da yawa sun shekara da shekaru a kulle saboda waɗanda suka iya saye ba su da buƙatar shiga. Kano fa ta taɓa samun tsarin shekara 20 da aka zana mata daga 1963 zuwa 1983, tun daga nan garin yake gudu hukuma tana binsa a baya, sai an gama gini an tare an haihu sannan a zo da jan fenti.

Shi ya sa rusau ɗin 2023 bai sa na yi tafi ba, bai kuma sa na yi zagi ba. Gini a filin idi da jikin badala da kan magudanar ruwa ba daidai ba ne, mu 'yan Kwari mun ɗanɗana a daminar 2022 da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, na ga dattijo yana hawaye a kan kayansa. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, su ne suke shanye ruwan sama, an bi su ana cikewa ana dasa shaguna. Amma da yawa cikin waɗanda aka rushe wa da takardarsu a hannu, gwamnati ce ta ba su wata gwamnatin ta zo ta ce ba ta san zance ba. In takardar hukuma tana mutuwa ranar da aka sauka daga mulki, da wane baki za a ce wa talaka ya bar awon igiya ya je ya nemi takarda?

Yanzu haka a bayan gidana akwai wata gonar gero da ta rage, da kaka har ƙamshinta muke ji. Satin da ya wuce na ga an kakkafa turaku. Na samu mai unguwa na ce ranka ya daɗe a taimaka a roƙi magadan su bar hanya ko ta ƙafa 30 ce da za ta fita titi, ya ce zai yi musu magana amma su tara ne kuma kowa ya riga ya san inda zai kai kuɗinsa. Mu kuma a layinmu an yanka wa kowane gida abin da zai kawo mu zuba kwalbati kafin ruwa ya sauka, ranar Juma'a bayan la'asar za a fara karɓa.