Zaren da ke cikin hanjin karfasa

A 2016 mujallar Science ta buga wani bincike daga Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin. Oona Lönnstedt da Peter Eklöv suka ce 'ya'yan kifi kan bar abincinsu su ci ɓarɓashin roba, su tsumbure, har su kasa tsere wa manyan kifayen da ke farautarsu. Labarin ya karaɗe duniya. Wanda ya saba ganin ledar fiya wata tana yawo a bakin madatsar Dadin Kowa kuwa, ai ba zai yi musu ba.

Sai dai Josefin Sundin da Fredrik Jutfelt, masana ne su ma, suna tashar binciken a tsibirin Gotland a lokacin da aka ce an yi aikin. Suka ce ba su ga an yi aikin yadda aka rubuta ba, kwanakin da Lönnstedt ta yi a wurin ma ba su isa ba. Aka nemi ainihin bayanan, ta ce an sace kwamfutarta. Kwamitin farko na jami'ar ya wanke Lönnstedt da Eklöv. Sai a 2017 aka janye takardar, jami'ar ta tabbatar cewa ƙirƙirar sakamakon aka yi.

Abin na ci mini rai, domin robar nan da gaske tana cikin ruwa. Ƙarya ɗaya irin wannan ta isa ta sa a daina sauraron masu gaskiya.

Shi ya sa nake takura wa ɗalibaina a nan Gombe. Yaro zai sayo karfasa wurin masunta, ya farke hanjinta, ya leƙa madubin ƙara girma, ya hango siririn zare shuɗi, ya ɗago da murna: "Malam, ga robar nan!" Sai in ce ya dubi rigarsa tukuna. Yawancin yadin da muke sawa da roba a cikinsa, ga ƙurar hunturu tana shigowa ta taga. Dole ya ajiye wani faranti a gefe, babu kifi a ciki, ya ƙirga zaren da ya faɗo masa daga iska.

Littafin ƙirgarsa kuma da biro za a rubuta, da kwanan wata, a ɗauki hoton kowane shafi a turo mini ranar. In bai samu komai a hanjin ba, haka zai rubuta, kuma zan sa masa hannu.