Abin da gidan Birni ya koya min kafin na bar aikin dillanci

Watan jiya na ajiye aiki wajen maigidana bayan shekara 5 ina bin shi a dillancin gidaje nan Damagaram. Ba faɗa muka yi ba, na je na yi mai sallama yadda ya kamata, amma akwai abin da ke cina a rai tun damina biyu da suka wuce, shi nake so in faɗa ko zai amfani masu shirin saida gida.

Wani gidan gado ne a Birni, ginin laka, zaure da ɗaki huɗu, rufin azara. Hajiyar da mijinta ya rasu ta kira mu ta ce yara sun yarda a saida a raba, ta ɗauko jaka 600 ta ce a gyara gidan ya yi daraja. Ni aka tura in duba. Na hau saman rufi na tarar indararo biyu sun toshe da ƙasa da leda, ɗakin gabas kuma da na soka wuƙa jikin azara sai gari ke zubowa, gara ta gama da ita. Gindin bangon da ke kallon lungu ruwa ya zaizaye shi har hannuna ya shige. Na dawo na ce Alhaji kuɗin nan rufi da gindin bango za su ci, in an samu saura a yi fenti. Ya ce kai yaro ne, mai saye ido yake kawowa, ba ya hawa rufi. Ya sa aka shafe gaban gidan da siminti, aka buga fenti, aka sa sabuwar ƙofar ƙarfe.

Laifina a nan shi ne na yi shiru. Na san siminti ba ya kama laka, yana riƙe danshi ne a ciki har wata rana ya ɓanɓaro kamar ɓawon rogo, magina sun sha gaya min. Amma na tsaya kan aikin da kaina, ni na sayo fentin ma, don ina tsoron a ce na raina na gaba.

A lissafinsa gidan zai tafi kafin ruwa ya sauka. Sai ɗaya daga cikin magada yana Agadas bai zo ya sa hannu ba, magana ta ja har watan Agusta. Ranar da mai sayen ya zo da ƙaninsa an kwana ana ruwa. Muna shiga ɗakin gabas ga roba uku a ƙasa suna tarar yoyo, fentin ya kumbura, simintin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Mutumin bai ce komai ba, ya ɗaga kai ya kalli azara ya fita. Daga baya ya aiko a rage miliyan 2, kuma haka aka sallama don magada sun gaji.

Abin da ban manta ba shi ne zaman da aka yi a zauren. Hajiya ta ce Alhaji ina kuɗin gyara suka shiga, sai ya nuna ni ya ce ai yaron nan na ba aikin, bai gaya min rufin ya lalace ba. A gaban ƴaƴanta. Hajiya ta dube ni ta ce ɗana haka za ka yi wa marayu? Wallahi na kasa ɗaga kai. Kasona na la'ada ma bai ba ni ba, wai na asara ne. Kuɗin ban damu da su ba kamar kalmar nan ta marayu.

Tun daga ranar duk gidan da aka ba ni, sama nake fara hawa, in rubuta abin da na gani a takarda in karanta wa mai gidan da bakina a gaban shaida. In ginin laka ne a yi mai yaɓe da ƙasa irin tasa, a buɗe indararo, a canza azarar da gara ta ci. Fenti shi ne na ƙarshe.

Sauran kuma kowa ya san garin nan, ba wanda zai sayi gida bai tambayi ruwa ba, to a gyara pampo a biya bashin ruwa da na wuta, in akwai wajen ajiye tanki a nuna. A yashe masai a sa wa bayi ƙofa, mata nan suke fara leƙawa. Takardun fili da sa hannun magada duka su kammala kafin a kira mai saye. Kada a zuba karo, wato tayil, mai tsada, ba ya dawo da kuɗinsa.

Gida 7 na saida da hannuna bayan wancan, biyu a Zango ɗaya a Garin Malam cikin tsakiyar damina, ba wanda ya dawo min da ƙorafi. Hajiyar kuwa har yau ban samu na je na gaya mata yadda abin ya faru ba, amma ina da niyya.