Robar gaban mota tana cin fenti a ɓoye

Duk motar da aka shigo da ita garejina a nan Kano, kafin in kalli inda aka buge ta, sai na fara ɗaga robar da ke tsakanin bamba da fitila, da wadda ke leɓen bonet. Sau da yawa abin da nake tararwa ɗaya ne: wani siririn layi, fenti ya dushe, wani wurin har ƙarfe ya bayyana.

Mai mota zai ce, "Malam, ai roba ce, ta yaya za ta ci fenti?" Sai in ce masa, Alhaji, ba ita kaɗai ba ce. Ƙurar hunturu ke shiga ƙarƙashinta ta maƙale, mota kuma na tafiya tana jijjiga, sai robar ta zama samfefa. Fentin kamfani gaba ɗayansa, daga faraima, wato shafen ƙasa, zuwa kiliya, wato shafe marar kala mai sheƙi da ke sama, kaurinsa bai fi na gashin kai ba sosai. Kiliya ce ke fara tafiya, kala ta bi ta. Da damina ta sauka, ruwa ya kwanta a wurin, tsatsa ta samu gida.

A kan Peugeot 504 na koyi wannan. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a fesa fenti roba na jikin mota. Ni yake sa wa in cire su ɗaya bayan ɗaya, in wanke da ruwan sabulu, in jera a inuwa. Yini guda nakan yi a kai. Idan na gama goge wurin, yakan rufe ido ya shafa da yatsa, in ya ji tudu ko kaɗan sai ya miƙo mini samfefa, bai ce komai ba. Har yau haka nake yi: in kankare tsatsar sai ƙarfe ya yi fari, in sa faraima, in bi da samfefa mai lamba 600 da ruwa, sannan kala da kiliya. Kuma ba na mayar da roba sai fenti ya kwana biyu ya yi tauri, don ɗanyen fenti roba na zaune masa take yi ta bar shaida.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin sha-yanzu-magani-yanzu. Su liƙa tef a kan robar, su fesa, tsatsar na ƙarƙashi ba a taɓa ta ba. Wata uku gefen ya fara ɓarewa. Su ne kuma ake kawo mini farashinsu, wai can rabin kuɗina ne. Ga robar jabu da ke taurara cikin zafin watan Afrilu, ta koma kamar busasshiyar fata.

Wanda ya karɓi motarsa a wurina, nakan nuna masa yadda zai ɗaga robar a hankali ranar wanki, ya share ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi. In ya yarda, in manna masa siririyar leda marar kala a inda robar ke gogawa.