Ziyarata zuwa Lurd, inda marasa lafiya ke shiga gaba

Jirgin ƙasa ne ya ɗauko mu daga Faris, muka yi ta nausawa kudu har ya sauke mu a Lurd da la'asar. Ƙaramin gari ne a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifaniya, inda mabiya ɗarikar Katolika ke zuwa ziyarar ibada, marasa lafiya kuma na zuwa neman waraka. Hanyar zuwa harabar ibada cike take da shagunan carbi da kyandir da gorunan roba masu siffar Maryamu, kuma gaskiya wannan ciniki bai kwanta mini a rai ba. Amma muna shiga ƙofar harabar, hayaniya ta yanke.

Kogon Masabiyel yana bakin kogi. Nan ne a 1858 Barnadet, yarinya 'yar shekara 14, ta fito neman itacen girki ta ga wata mace sanye da farare. Sau 18 ta gan ta, daga 11 ga Fabrairu zuwa 16 ga Yuli. Na je gidan da Barnadet ta zauna a lokacin: ɗaki ɗaya ne a tsohon kurkuku, su shida a ciki, ga ta da ciwon asma. Irin wannan yarinya Uwar Yesu ta zaɓa ta aika wurin limamai da saƙon a gina ɗakin sujada, a kuma yi addu'a saboda masu zunubi.

Mun bi layi muka shiga kogon. Dutsen ya yi sumul saboda yawan hannuwan da suka shafe shi, da sanyi da damshi. A can ciki ga idon ruwan da Barnadet ta tona da hannunta, an rufe shi da gilashi, har yau yana gudana.

Da ƙarfe tara na dare aka fara jerin gwanon kyandir. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tsarin tafiyar. Marasa lafiya ne a gaba, cikin kekuna shuɗaye, matasa 'yan sa-kai na jan su, sauranmu muna biye. Ana jan Rosari, wato addu'ar carbi ta Katolika, a harsuna iri-iri. Kusa da ni akwai wata dattijuwa daga ayarinmu, 'yar Kafanchan, ɗaure da zanen Zumuntar Mata, tana amsawa da Hausa: "Maryamu mai tsarki, Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu masu zunubi."

Sau da yawa a gida akan tambaye mu ko bauta wa Maryamu muke yi. A'a, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Ita roƙonta muke yi ta taya mu addu'a wurin Ɗanta, yadda ta yi magana a bikin Kana da ruwan inabi ya ƙare. Da muke komawa masauki na ce wa dattijuwar nan, wadda ke fama da ciwon ƙafa, "Mama, ƙafar fa?" Ta ce, "Ɗana, tana nan yadda take. Ni dai na zo na kai ƙarata wurin uwa."

Yawancin masu zuwa haka suke komawa da ciwonsu, Ikilisiya kuma ba ta ɓoye hakan ba. Tun 1883 akwai ofishin likitoci da ke bincikar duk wanda ya ce ya warke, kuma cikin dubban da suka kai rahoto, waɗanda aka amince mu'ujiza ce ba su wuce saba'in da 'yan kai ba. Washegari muka halarci Misa a majami'ar ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1958, mai ɗaukar mutum 25,000. Nan ma masu kekuna aka jera a gaban bagade.