Abincin dare ƙarfe huɗu da rabi

Ranar da na gaya wa Inna a waya cewa na samu aiki a gidan tsofaffi, sai da ta yi salati. Ta ce, "Ikon Allah! Su mutanen ba su haihu ba ne?" Na ce sun haihu, Inna, wasu har da jikoki da tattaɓa-kunne. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya raba mu da haihuwar asara." Ban musa mata ba, don a lokacin ni ma abin da ke raina ke nan. A 2019 ne wannan, shekarata biyu da zuwa Amurka.

Gidan yana bayan garin Kolombus, a jihar Ohayo. Na ce gida ne don ban samu wata kalma ba, amma ya fi kama da ƙaramar unguwa da aka haɗa ƙarƙashin rufi ɗaya. Kashi uku ne. Akwai ɓangaren masu sauran ƙarfi, kowa da falonsa da ɗan kicin ɗinsa, wasu har mota suke tuƙawa. Akwai namu, na waɗanda ke buƙatar a kama musu wajen wanka da sa kaya da shan magani. Sai na uku, na masu cutar mantuwa, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an danna lambobi. Mutum kan shigo ta na farko da ƙafarsa yana ba'a, shekaru na tafiya yana matsawa ciki. Duk sun san da haka, kuma ba mai ɗauko zancen a teburin abinci.

Abin da ya fara rushe mini tunani shi ne kuɗin. Na ɗauka irin gidan gajiyayyu ne, inda ake kai wanda ba shi da kowa. Ashe ɗaki ɗaya a ɓangarenmu ya haura dala 5,000 a wata. Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke ba wanda ya kai shekara 65, tana biyan kuɗin likita da asibiti, amma ba ta biyan kuɗin zama a irin wannan wuri. Yawancinsu gidajensu na gado suka sayar suka zo, kuma da yawa su suka zaɓa da kansu. Wata tsohuwa ta ce mini ta yi jinyar surukarta shekara tara a cikin gidanta, ta rantse ba za ta ɗora wa 'yarta wannan kayan ba. Na daɗe ina juya maganar. A Zariya da an ji ta, cewa za a yi ta hana 'yarta lada.

Kafin in fara sai da na yi horo na awa 75, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar tarayya ta 1987 ta gindaya wa masu taimakon nas a gidajen jinya. An koya mana ɗaga mutum daga gado ba tare da mun karya ƙugunmu ba, da juya mai kwance don kada jikinsa ya yi gyambo, da ƙwanƙwasa ƙofa ko da a buɗe take. Duk wannan bai ba ni wahala ba. Abin da ya gagare ni shi ne suna. An ce mu kira kowa da sunan da yake so, kuma yawancinsu sunan yanka suke so, gatsau. Ni da ko sunan yayan babana ban taɓa furtawa ba, yaya zan dubi mai shekara 90 in ambaci sunanta kamar sa'ata? Wata biyu na yi ina kewaye-kewaye, ina shiga ɗaki da gaisuwa kawai.

Aikin safe ƙarfe shida yake farawa. A lokacin sanyi har yanzu duhu ne, dusar ƙanƙara ta rufe farfajiya, mai sharar hanya yana watsa gishiri. Kowa da tsarinsa na tashi. Akwai wanda tun biyar ya sa takalmi yana jiran jaridarsa, akwai wadda in ka tashe ta kafin tara ranar nan ba ku ba shiri. Ka sa wa wannan abin ƙara ji a kunne, ka nemo wa waccan haƙoranta, nas na bin ɗakuna da keken magunguna: na hawan jini, na suga, na tsinka jini. Kafin takwas layin kekunan dogarawa ya miƙe a bakin lifta.

Kusa da liftar akwai allon sanarwa, a nan ake manna jadawalin wata. Na rantse ko 'yan firamare ba a cika musu rana haka. Goma na safe motsa jiki a zaune kan kujera, ana ɗaga hannu ana bin kiɗa. Talata bas ta kai masu so kanti. Laraba mai gyaran gashi ta zo, kuma matan nan ba sa wasa da ranar. Akwai zane, akwai saƙa, akwai fasto ranar Lahadi, akwai wata mata da ke kawo karenta a yi ta shafa shi (ranar nan ni ina can ƙarshen baranda, kowa ya san dalili). Sai bingo, sarkin wasanni: kowa da kati mai gida 25, ana zaro lamba daga 1 zuwa 75 ana kira, wanda ya fara cika layi ya yi ihu. Abin da ake ci bai wuce alewa ko sabulu ba, amma na ga tsofaffi biyu sun yi gaba ta mako uku a kan wa ya riga wani ihu. Mazan kuma suna da wata karta ta mutum huɗu da suke kira yuka, ba wuƙa ba, ko da yake yadda suke yi wa juna a kanta sunan bai yi nisa ba. Ranar Asabar a kaka kuwa gidan gaba ɗaya ja yake komawa, kalar ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Jihar Ohayo. Ranar da za su kara da Mishigan a ƙarshen Nuwamba, ko maganin wani ka kawo sai ka jira a tafi hutun rabin lokaci.

Amma siyasar gidan tana ɗakin cin abinci. Ba a rubuta wa kowa wurin zama ba, sai dai kowace kujera da mai ita. Sabon zuwa da ya zauna a teburin bakin taga bisa rashin sani, kallon da zai sha ya ishe shi. A nan ake jin wa aka kai asibiti daren jiya, wa 'ya'yansa suka zo, wa ke zawarcin wa. Eh, ana zawarci, matan sun ninka mazan, duk dattijon da ke iya tafiya ba sanda kasuwarsa na ci. Kuma ƙarfe huɗu da rabi ake fara abincin dare. A lokacin zafi rana na nan tsaye, ni ko la'asar ban yi ba tukuna. Da na gaya wa Inna, dariya ta yi har da tari, ta ce to da daddare me suke yi, azumi?

Na fahimci amfanin wannan ɗaki ne a watan Maris na 2020, da aka rufe ƙofofi saboda korona. Aka hana baƙi, aka rufe ɗakin abinci, muka koma kai faranti ɗaki-ɗaki, 'ya'ya na tsayawa a waje suna ɗora tafin hannu a gilashin taga. Abincin bai canza ba, amma faranti ya riƙa dawowa da rabi. Mutanen da cutar ba ta ko taɓa ba suka rame, wasu ƙafa ta tafi ba ta dawo ba. Ba na son tsawaita zancen wannan shekarar.

Wani lokaci ana tura ni ɓangaren masu mantuwa. A can, la'asar sakaliya ita ce lokacin wahala. Da rana ta fara karkata sai hankali ya tashi: wannan na neman jakarta za ta ɗauko yara daga makaranta, wancan na jijjiga ƙofa wai ya makara aiki. Akwai wata da ta raini 'ya'ya shida. In ta fara kai-kawo, sai a ajiye mata kwandon tawul a gaba, nan take ta zauna ta hau ninkewa, gefe da gefe, tsaf kamar an sa guga. In ta gama, sai a kai bayan ƙofa a warware a sake kawo mata. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Na san don a kwantar mata da hankali ne, amma ni dai yaudara na gani. Sai na fara roƙon masu wanki su ba ni ƙyallayen teburin abinci, waɗanda dama sai an ninke su. Ko ta gane bambancin, Allah masani. Ni na gane, kuma da na ce mata na gode, da gaskiyata nake faɗa.

Wanda ya ƙarasa buɗe mini ido wani dattijo ne a hawa na biyu. Shekara 34 ya yi yana koyar da tarihi a sakandare. Bayan rasuwar matarsa ɗansa ya kawo shi, ya zauna gaban taga ya ƙi kowa. Mai shirya wasanni ta yi juyin duniya, ya ce shi bai yi digiri biyu don ya ƙare da neman lamba a kati ba. Aski ma sai an yi da gaske. A farkon 2023, ina gyara masa gado, wasu 'yan katuna suka zubo daga aljihuna. Tambayoyi 100 ne na jarabawar zama ɗan ƙasa ta wancan lokacin, ina haddacewa a lokacin hutu. Ya sa sanda ya jawo ɗaya, ya karanta, ya ɗago kai. "Gyara nawa aka yi wa kundin tsarin mulki?" Na ce 27. Ya ce, "Sanatoci nawa?" Na ce 100. "Wa'adinsu?" Na ce shekara huɗu. Ya buga sandar a ƙasa. "Shida! Zauna."

Daga ranar, duk hutuna na minti 15 a ɗakinsa nake yi. Kuma ba ya yarda da hadda. In na ce an rubuta kundin a 1787, sai ya tambaye ni me ya sa sai a lokacin, me ya lalace kafin nan. Daga bakinsa na ji cewa shugabannin Amurka bakwai a Ohayo aka haife su, kuma kogin da ke kudancin jihar shi ne iyakar da bayi masu gudu daga Kentaki ke tsallakewa da dare. Shi ma ya juyo da tambaya kaina, sai da na ba shi labarin ganuwar Zazzau da Sarauniya Amina, yana rubutawa a bayan takardar jerin abinci. A nan matsalar suna ta warware, na fara ce masa Malam. Ya tambayi ma'anarsa, na gaya masa, ya ce ya karɓa. Na lura duk ranar da nake aiki, kafin in zo ya yi aski ya sa riga mai kwala.

Ranar jarabawa, tambaya goma ya kamata a yi mini in ci shida. Ma'aikaciyar da ke yi mini tambayoyin ta tsaya a ta shida. Da na dawo na faɗa masa, bai ce barka ba, cewa ya yi, "Waɗanne aka tambaye ki?" Da na lissafa, ya taɓe baki wai masu sauƙin aka ba ni. Bayan kwana biyu na same shi a bakin kicin yana tare ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wa bai yi tasa ba tukuna. A gidan akwai 'yan Somaliya, akwai 'yan Gana, akwai 'yan Butan masu jin yaren Nepal, duk Kolombus ta tara su. Yanzu ranar Alhamis ƙarfe biyu akwai aji a ɗan ɗakin karatu, har an sa shi a jadawali, tsakanin motsa jiki da bingo. Tsofaffi biyu daga teburin bakin taga ma suna zuwa, wai taya shi suke, alhali gardama ce ke kawo su.

Ba na cewa jadawalin banza ne. Wanda ba shi da abin yi daga safe zuwa dare, bingo ma rahama ce. Amma duk abin da ke kan allon nan, yi musu ake yi. Ana kawo musu kiɗa, ana kawo musu kare, ana kai su kanti. A shekara shida na ga waɗanda suka fi daɗewa da kuzarinsu su ne masu wani abu da ake jiran su yi: mai ba furannin baranda ruwa, mai raba wasiƙu ƙofa-ƙofa, tsohuwar akanta da ke duba wa maƙwabtanta takardun inshora tana faɗa.

Watannin baya Inna ta kira ni tana ƙorafi. Tun da gwiwa ta matsa mata, yayana ya hana ta komai. Matarsa, baiwar Allah, ta karɓe kicin gaba ɗaya, ko tsintsiya Inna ta ɗauka sai a ce, "Haba Inna, ki huta." Gida cike da jikoki, ta ce, amma ta zama kamar hoto a bango. Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah ku bar mata tsintar wake da gyaran zogale, kuma daddawar gidan nan kada wanda ya sake sayowa a kasuwa, ita za ta ce ga yadda za a yi." Ya ce mutane za su ce sun sa tsohuwa aiki. Na ce su faɗa.

Jiya da muka yi waya ina jin ƙarar faifai a gefenta, tana yi wa wata jika faɗa ta bar tsakuwa a cikin waken. Da za mu yi sallama ta ce, "Ki gaida Malam. Ya ci tuwon daren nasa na la'asar?" Na duba agogo, huɗu da kwata. Na ce yana bakin lifta, Inna, yana jira.