Kafin Ka Zuba, Duba Abin da Injin Zai Karɓa

A shekarata ta farko ta koyar da lissafi a babbar sakandare, na ɗauka babu darasin da ya kai domen da renji sauƙi a aljabara, wato gano lambobin da lissafi zai karɓa da waɗanda zai fitar. A ganina dokoki biyu ne kawai: kada lambar ƙasa, wato wadda ake rabawa da ita, ta zama sifili, kada abin da ke cikin alamar rut (√) ya gaza sifili. Na rubuta su a allo, na ja musu layi, yara suka kwafa, muka yi misalai biyar, aka kaɗa ƙararrawa. Da takardun gwaji suka zo hannuna sai jikina ya yi sanyi. Kusan kowa ya haddace dokokin nan tsaf, amma da zarar tambaya ta ɗan sauya kama, sai alƙalami ya tsaya.

Wata ɗaliba ce ta fara nuna mini inda gizo ke saƙar. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah me ya sa ba a raba lamba da sifili? Wa ya hana?" Na ce mata haka dokar take. Ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kuma shirun nan ya bi ni har gida, domin na san ban ba ta amsa ba. Washegari na dawo da tambayarta allo. Muna cewa 6 ÷ 2 = 3 ne saboda 3 sau 2 shida ne. To, 6 ÷ 0 fa? Sai mu nemo lambar da in an ninka ta da sifili za ta ba da shida. Na ce su nema. Wani ya ce ɗari, wani ya ce miliyan, kowacce aka gwada sifili take bayarwa. Ba wanda ya hana, amsar ce babu ita. Daga ranar suka daina kallon abin a matsayin umarnin malami, suka fara ganin dalilinsa da idonsu.

Misalin da ya fi zauna musu shi ne na injin niƙa, don babu wanda ba a taɓa aika ba kai niƙa. Fankishin inji ne: ka zuba masa lamba, ya fitar maka da lamba, kuma abu ɗaya ba ya fitar da sakamako biyu. Domen shi ne duk abin da injin zai karɓa. Masara, dawa, gero, duk lafiya lau, amma ka zuba tsakuwa ka ga yadda mai injin zai yi da kai. Renji kuwa shi ne abin da ke fitowa a zahiri ta ɗaya bakin. Idan f(x) = 1/(x − 3), tsakuwar ita ce 3, sauran lambobi duka suna shiga. Idan g(x) = √(x − 2), sai daga 2 zuwa sama, domin babu lambar gaske da za ka ninka da kanta ta ba ka abin da ke ƙasa da sifili.

Kuskuren da ya fi koya mini darasi nawa ne, kuma a gaban aji na yi shi. Tambayar ita ce (x² − 4)/(x − 2). Hannuna ya saba, nan take na warware sama ta zama (x − 2)(x + 2), na soke x − 2 sama da ƙasa, ya rage x + 2, na ce domen duk lambobi ne. Wani yaro a layin baya yana ta latsa kalkuleta, sai ya ce, "Malam, na sa 2, tawa ta ƙi." Gaskiyarsa. Ni injin da na gyara na duba, shi kuwa injin da aka ba mu ya gwada, kuma a wancan, 2 tana mai da lambar ƙasa sifili. Sokewar da na yi ma ba ta halatta sai an riga an ce x ba 2 ba ce. Zanen abin miƙaƙƙen layi ne mai huda guda ɗaya a tsaka, kuma hudar nan tana taɓa ɓangarorin biyu: domen ya rasa 2, renji ya rasa 4. Na gode masa, na goge abin da na rubuta. Tun daga nan domen nake fara fitarwa kafin in taɓa komai da sunan sauƙaƙawa.

Renji ya fi wuya, kuma na daɗe ban yarda da haka ba. A domen kana da wuraren haɗari sanannu da za ka leƙa. A renji dole ka zauna ka yi tunanin halin injin kansa. Ɗalibai da yawa in an ba su x² sai su rubuta "duk lambobi" sau biyu, alhali ko ka zuba 5 ko ka zuba −5, 25 ce za ta fito, kuma har abada ba za ka ga −1 ta fito ba. In aka ce x² − 4x + 7, sai a sake mata shiri ta koma (x − 2)² + 3. Ɓangaren farko ba ya sauka ƙasa da sifili, don haka mafi ƙanƙantar abin da zai fito 3 ne.

Dabarar da na fi so ita ce juya tambayar. Maimakon "me zai fito?", sai in ce, "ina son y ta fito, me zan zuba?" Ɗauki y = (2x + 1)/(x − 3). In ka juya ta ka ware x, za ka samu x = (3y + 1)/(y − 2). Nan take ka ga cewa babu abin da za ka zuba 2 ta fito, domin in y ta zama 2, lambar ƙasa sifili ce. Yaran da suka iya domen sukan ji daɗin wannan, don tambayar renji ta koma irin wadda suka saba. Ga waɗanda lissafin haruffa ke ruɗawa kuwa, gani ya kori ji. Nakan zana giraf in ce su ɗauka rana ta take tsaka: inuwar da zanen ya yi a ƙasa ita ce domen. In kuma haske ya bugo daga gefe, inuwar da ta faɗa a bango ita ce renji. Da √(9 − x²), wanda rabin da'ira ne, inuwar ƙasa daga −3 zuwa 3 take, ta bango daga 0 zuwa 3.

Akwai kuma abin da littattafan da muke amfani da su ba su cika tsayawa a kai ba, wato domen da rayuwa ke yankewa. Kiret ɗin ƙwai yana ɗaukar 30, don haka ƙwan da ke cikin cikakkun kiret n shi ne 30n. A takarda n na iya zama −4, amma a kasuwa ba a taɓa ganin kiret ɗin da ya gaza babu ba. Ko mai lambu da ke da waya mita 40 yana son kewaye fili mai kusurwa huɗu: in faɗi x ne, tsawo 20 − x ne, girman filin x(20 − x). Lissafin zai karɓi 50 ba gardama, amma wayar ba za ta kai ba. Dole x ta zauna tsakanin 0 da 20, kuma filin ba zai wuce murabba'in mita 100 ba, wanda ake samu idan faɗi da tsawo duk 10 ne. Nakan gaya musu cewa Al-Khawarizmi, wanda daga littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 kalmar aljabara ta samo asali, bai karɓi amsar da ke ƙasa da sifili ba, kuma matsalolin da ya warware na awon fili ne da ciniki da rabon gado. Yaranmu da ke karatun gado a islamiyya kan gyara zama in sun ji haka.

Yanzu ranar farko ta wannan darasi ba na rubuta doka ko ɗaya. Nakan rubuta 1/(x − 3) a allo, in bi layi-layi kowa ya zaɓi lambarsa ya zuba ya faɗi abin da ya fito. Mu yi ta tafiya a haka har a kai kan wanda zai zaɓi 3, ya latsa, ya sake latsawa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan fa ta ƙi shiga." Sai in miƙa masa alli, ya fito ya gaya wa 'yan'uwansa dalili.