Inda na kai a lissafin sanyin kan dutse: daga Moshi zuwa ƙololuwar Kilimanjaro

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Wannan karon na ɗauki Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, domin a nahiyarmu babu dutsen da ya kai shi tsawo: ƙololuwarsa, wadda ake kira Uhuru, tana mita 5,895 sama da teku, garin Moshi da ke gindinsa kuwa kusan mita 900. Ratar kusan mita 5,000 ke nan, ga ta da daɗin lissafi.

Ga ƙa'idar da nake lissafin sanyin kan dutse da ita. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Da wannan adadi masu harkar jiragen sama ke aiki, suna farawa daga digiri 15 a bakin teku har zuwa mita 11,000. Na ƙaddara Moshi tana digiri 25. Biyar sau 6.5 ya ba ni 32.5, na cire daga 25, sai ga 7.5 ƙasa da sifili. Na'urorin da masana suka kafa kan ƙanƙarar da ke can sama sun nuna matsakaicin shekara wajen digiri 7 ƙasa da sifili. Gaskiya na ji daɗi, biro da takarda kawai sun kai ni bakin amsa.

Sai na bi hanyar Marangu, ɗaya daga cikin hanyoyin hawan dutsen, zango-zango da wannan lissafi. Mandara, wajen mita 2,700, ta ba ni digiri 13. Horombo, mita 3,700 da 'yan kai, digiri 7. Bukkar Kibo, wajen mita 4,700, dab da sifili. Wato a nan ne ruwan gora zai fara tunanin daskarewa, kuma daga nan mahaya ke tashi da tsakar dare don su riski fitowar rana a sama.

Wani cikinmu ya tambaya, ai mai hawa yana matsowa kusa da rana, me ya sa sanyi ke ƙaruwa? Rana ƙasa take gasawa tukuna, ƙasar ce ke ɗumama iskar da ke kanta. Sannan matsin iska yana raguwa a sama, iskar da ta tashi sai ta buɗe, buɗewar nan kuma tana cinye zafinta. Ku sa hannu a bakin tayar keke lokacin da ake sace mata iska, za ku ji sanyin da nake nufi.

Amma fa inda aikin ya fi cin lokacina shi ne wannan 6.5 ɗin. Matsakaici ne, ba doka ba. Busasshiyar iska idan tana hawa takan yi asarar digiri 9.8 a kowace mita 1,000. Wadda ta ƙoshi da laima kuwa, tururinta na juyewa ya zama gajimare yana sakin zafi, sai raguwar ta sauko wajen digiri 5, wani lokaci ƙasa da haka idan iskar mai ɗumi ce. Gwada duka biyun a kan ratarmu: ɗaya ya kai ka 24 ƙasa da sifili, ɗayan ya tsaya a sifili cif. Dutse ɗaya, amsa biyu masu nisan digiri 24! Kilimanjaro kuma ya haɗa duka, dajin da ke ƙugunsa kullum a jiƙe, samansa fayau kamar hamada. Ni a ganina gara a yanka dutsen gida biyu, ƙasan gajimare da samansa, kowanne da adadinsa.

Haka kuma lissafin ba ya sanin dare da rana. A daren da sama ta yi garau, iska mai sanyi kan gangaro ta kwanta a kwari, har kwarin ya fi gangaren da ke samansa sanyi. A irin wannan daren ƙa'idar a kife take.

Mai son gwaji na kusa ya ɗauki Kano da Jos. Ratar tsawonsu ta ɗara mita 700, lissafi zai ba shi wajen digiri 5, ya kwatanta da hasashen yanayi na damina da na hunturu daban-daban. Ni kuma na koma kan tafasar ruwa, don a ƙololuwar Uhuru tun wajen digiri 81 yake tafasa, ina so in fitar da na Mandara da Horombo da Kibo kafin haɗuwarmu ta gaba.